Wata Biyar Ana Dukan Taiki: Misin ɗin Tsohuwar Jif da Kuɗin Binciken da Ba Ma Son Biya

Wata biyar na yi ina fama da mota mai ɓari. Toyota Highlander ce ƙirar 2006, mai silinda shida, irin jif ɗin nan da suka gama ƙuruciyarsu a titunan Amurka kafin jirgin ruwa ya sauke su a Kwatano ko Legas. Da farko sai na taka totur zan wuce babbar mota take yin tuntuɓe, ta ja numfashi, sannan ta yunƙura. Daga baya abin ya biyo ni har cikin gari: in na tsaya a danja, sitiyari ya riƙa karkarwa a hannuna kamar mai masassara. Kanikawa suna da kalma guda da suke kiran duk wannan da ita: misin.

Gareji huɗu na zaga. A na farko aka ce fulogi ne, na biya kuɗin shida. A na biyu aka ce nozul ne suka toshe, aka wanke su. A na uku aka jona mata kwamfuta, aka goge wutar cek, aka kuma sauya famfon mai. A na huɗu bakaniken ya kasa kunne na ɗan lokaci, ya girgiza kai ya ce, "Yallaɓai, injin nan ya gaji, gara a nemo wani." Bayan kowane gyara motar takan yi kamar ta warware na kwana biyu, ko kuwa ni ne nake lallashin kaina don na riga na biya.

Ranar da abin ya tashi daga ɓacin rai ya koma tsoro, muna kan hanyar Funtuwa zuwa Zariya ne da iyali, gab da magariba. Na fita zan wuce tirela, ina tsakiyar tsawonta motar ta shaƙe, wutar cek ta fara ƙiftawa, ga kuma wata mota ta taso mana gaba da gaba. Allah ya tsare, na samu na koma bayan tirelar. Babu wanda ya ƙara magana a motar har muka shiga Zariya.

Abin da nake son kafawa a wannan maƙala shi ne: misin alama ce, kamar yadda zazzaɓi yake alama a jikin mutum, kuma wanda ya shiga sayen kayan gyara kafin a gano tushenta caca yake yi da aljihunsa. Sannan kaso mai tsoka na laifin wannan caca yana wuyanmu mu masu motoci, domin mun saba biyan kuɗin ƙarfe da na gumi, amma ba mu saba biyan kuɗin tunani ba.

Mene ne misin?

A cikin kowace silinda, fistan yana zuƙo iska da fetur, ya matse su, fulogi ya ƙyasta musu wuta, ƙunar ta tunkuɗa fistan ƙasa, sannan a fitar da hayaƙi. Idan injin yana juyi 3,000 a minti, kowace silinda tana yin wannan ƙuna sau 1,500 a minti, wato sau 25 a daƙiƙa guda. Misin shi ne lokacin da wata silinda ta tsallake nata rabon, ko ta yi shi rabi da rabi. Jijjigar da direba yake ji giɓin da ta bari ne a cikin jerin.

Abubuwa huɗu ne sai sun haɗu ƙunar take yiwuwa. Na farko wuta: koyil yana ɗaukar bolt 12 na batir ya mayar da shi dubban bolt, har tartsatsi ya tsallake ɗan giɓin da ke bakin fulogi. Na biyu cakuda: ana son kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur, bisa nauyi. In iska ta yi yawa wuta ba ta kamawa, in mai ya yi yawa fulogi ya jiƙe ya yi baƙi. Na uku matsi: dole bawul su rufe ruf, zobban fistan su riƙe, gasket ɗin kan inji kada ya yi yoyo. Na huɗu lokaci: komai ya zo a kan kari, abin da bel ko sarƙar taimin da sensocin inji suke tsarawa.

Ƙarƙashin waɗannan huɗun akwai abubuwa fiye da goma da kowannensu zai iya lalacewa, kuma dukansu jijjiga iri ɗaya suke aiko wa kujerar direba. Shi ya sa cewa "mota na misin" bai fi cewa "yaro ba shi da lafiya" bayani ba. Likitan da zai ji wannan kaɗai ya rubuta allura, ba za mu sake kai masa yaro ba.

Abin da mota ke faɗa kafin a buɗe bonet

Rabin binciken yana hannun mai mota, domin shi ne yake tare da ita lokacin da take abin. Tambayar farko ita ce: yaushe?

Misin ɗin da ke zuwa lokacin hawan tudu, ko wuce mota, ko ɗaukar kaya, yawanci ɓangaren wuta yake nunawa. Dalili kuwa, da zarar an buɗe totur matsi yana ƙaruwa a cikin silinda, tartsatsi kuma yana bukatar ƙarfi fiye da na kullum kafin ya ratsa. Koyil mai rauni yakan iya aikin cikin gari, sai an nemi ƙarfi asirinsa ke tonuwa. Wanda ke zuwa a sulo, ya lafa idan an ɗaga juyin inji, yakan nuna ɓarauniyar iska: wani tiyo ya tsage ko gasket ya saki, iska na shiga ba tare da sensa ta ƙidaya ta ba. Bawul ɗin da ya ƙone shi ma a sulo ya fi bayyana. Wanda ke zuwa da sanyin safiya kaɗai, ya ɓace bayan minti ɗaya ko biyu, musamman in ruwan lagireto yana raguwa ba tare da an ga inda yake zuba ba, a tuhumi gasket ɗin kan inji. Wanda ya biyo bayan ruwan sama ko wankin inji da famfo mai ƙarfi, danshi ne ya shiga ramin fulogi. Wanda ya fara sa'o'i kaɗan bayan shan mai, kuma ya game duk silindojin, a fara da abin da ke cikin tanki. Masu motoci a Najeriya ba su manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai ɗauke da metanol fiye da ƙima, motoci suka riƙa mutuwa a kan titi.

Akwai kuma abubuwan da yanayinmu da ɗabi'unmu suke ƙarawa. Ƙurar hunturu tana lulluɓe sensar da ke auna iskar da ke shiga inji, musamman in matatar iska ta yage ko an daɗe ana kaɗe ta maimakon a sauya. Sannan ga al'adar cire tamostat da sunan wai ƙasarmu zafi gare ta. Injin da aka cire wa tamostat yana jinkirin kai zafin da aka tsara masa, kwamfutarsa ta ci gaba da zuba masa mai kamar yanzu aka tayar da shi, fulogi su yi ta tara baƙi.

A gareji huɗun da na je, babu wanda ya tambaye ni yaushe. Ni ma ban ga dalilin faɗa ba.

Kwamfuta tana nuna ɗaki, ba ta nuna ɓarawo

Tun daga 1996, dokar Amurka ta wajabta wa duk ƙaramar motar da za a sayar a can tsarin binciken kai da ake kira OBD-II. Tun da galibin jif ɗinmu daga can suka fito, kusan kowace tana da wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar karantawa. Yadda kwamfutar motar take gane misin abin sha'awa ne. Kowace ƙuna tana ba karanshaf ɗan tunkuɗa. Idan wata silinda ta tsallake, juyin yakan ɗan yi sanyi na ƙiftawar ido. Sensa ce take lura da wannan, kwamfuta kuma ta lissafa silindar da ke kan layi a wannan lokacin. In ta ukun ce, sai ta ajiye lamba P0303; in ta biyar ce, P0305. In abin ya watsu ba a wuri ɗaya ba, P0300.

Wannan babban taimako ne, amma iyakarsa ke nan. P0303 ba ta ce koyil ba, ba ta ce nozul ba, ba ta ce bawul ba. Cewa kawai ta yi a leƙa ɗaki na uku. Har ma takan ruɗar da mai gaggawa: silindar da ba ta ƙone cakudarta ba tana tura iskar oksijin cikin salansa, sensar hayaƙi ta ga iska ta yi yawa, ta kai rahoton cewa mai ya yi ƙaranci. Mai karanta lamba ido rufe sai ya sauya sensar, ko famfon mai, alhali su shaida suka bayar.

Mafi muni shi ne abin da aka yi mini a gareji na uku: a goge lambar, wutar cek ta mutu, a karɓi kuɗi. Tare da lambar, kwamfuta tana ajiye bayanin halin da injin yake ciki a daidai lokacin da abin ya faru: juyinsa, zafinsa, nauyin da yake ja, gudun motar. Wanda ya goge wannan bai rubuta ba, ya yaga takardar asibiti ne kafin likita ya duba.

Gareji na biyar

Wani abokin aiki ne ya kwatanta mini shi: dattijo ne da ya koyi aiki a zamanin Peugeot 504, ɗansa kuma shi ke riƙe da na'urar kwamfuta. Kafin ya taɓa motar ya ce akwai kuɗin bincike, ko an yi gyaran a wurinsa ko ba a yi ba. Na ɗan ɓata fuska. Ya yi murmushi ya ce, "Malam, nawa ka kashe kafin ka iso nan?" Ban amsa ba, na biya.

Ya zaunar da ni a benci ya yi mini tambayoyi kusan minti goma. Sannan muka fita da motar, ɗan yana baya da na'ura yana kallon ƙidayar kowace silinda. Da muka hau tudu, ƙidayar ta uku kaɗai ta riƙa hawa.

A nan ya bayyana mini abin da ya kamata in sani tun ranar farko. Injin wannan mota, 3MZ-FE mai lita 3.3, a gicciye yake kwance. Silinda ta 2 da ta 4 da ta 6 suna gaba, kusa da lagireto, ko yaro zai kai gare su. Ta 1 da ta 3 da ta 5 suna baya, jikin bangon da ya raba inji da direba, ƙarƙashin babban bututun iska na sama, wanda galibi sai an kwance shi ake isa gare su. Da aka kwance, sai ga fulogi ukun baya tsofaffi, bakinsu ya cinye. Kuɗin shida na biya a gareji na farko, uku aka saka. Ramin fulogi na uku kuwa cike yake da baƙin mai, saboda robar da ke hana mai shiga ramin daga murfin bawul ta bushe ta tsage. Man ya jiƙa robar koyil ɗin har ta kumbura.

Tun da an riga an buɗe, ya sa ma'aunin matsi a duk silindojin shida. Lambobin suka fito kusa da juna, babu wadda ta kauce wa 'yan'uwanta da abin da ya kai kashi goma cikin ɗari. Injin da aka ce ya gaji lafiyarsa ƙalau.

Abin da ya yi bayan nan shi ya fi burge ni. Ya sauya gasket da robobin murfin bawul, ya saka sababbin fulogi na iridiyam irin waɗanda aka tsara wa injin, domin waɗannan ido ya riga ya ga laifinsu. Amma bai sayi koyil ba. Ya yi wa koyil ɗin ta uku alama da fenti, ya kwaso koyil ukun baya ya kawo su gaba, ya mayar da na gaba baya, ya rufe da sabon gasket. Ya ce, "In koyil ɗin ne, misin zai biyo shi nan gaba inda noti ɗaya ne a kwance shi. In bai biyo shi ba, mun san mai laifi yana can baya, sai mu koma kan nozul da wayoyi." Washegari na'ura ta nuna P0304, daidai inda aka ɗora mai fentin. Koyil ɗaya na saya.

Da a ce tun farko wani ya yi sa'ar canka, ya sauya koyil ɗin kaɗai, da motar ta lafa na 'yan watanni sannan ta koma gidan jiya. Fulogin da bakinsa ya buɗe yana tilasta wa koyil aikin da ya fi ƙarfinsa, man da ke ramin kuma yana cinye robarsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Misin ɗin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sau da yawa haka yake: akwai abin da ya mutu, akwai kuma abin da ya kashe shi.

Farashin jinkiri

Wasu sukan ce ai motar tana tafiya, a bari sai an samu sarari. Silinda ɗaya cikin shida in ta daina aiki, ƙarfin da aka rasa ya kai kashi ɗaya cikin shida, direba kuma yana ƙara taka totur don ya cike giɓin. Kafin a janye tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ba ta kai naira 200 a farashin hukuma ba; kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Man da ke fita ta salansa ba a ƙone ba yanzu kuɗin cefane ne.

Kuma ba ya fita salin alin. Yana faɗawa cikin matatar hayaƙi, wadda kanikawa ke kira indomi, ya ƙone a can, ya narkar da saƙar da ke cikinta mai rufin filatinam da faladiyam da rodiyam. Wannan shi ne ma'anar ƙiftawar wutar cek: in tana kunne cak, a duba nan kusa, in tana ƙiftawa, matatar tana cikin haɗari a wannan lokacin, a sassauta ƙafa a nemi wurin tsayawa. Matatar da ta narke tana toshe numfashin inji, kuma kuɗinta ya ninka na koyil sau da yawa. Wani ɓangare na man kuma yana wanke baƙin man da ke jikin silinda, ya gangara ƙasa ya tsinka sauran. A haka ne injin da bai gaji ba yake gajiya da gaske.

Laifin wa?

Da sauƙi a ce kanikawa ne ba su iya ba, ko ba su da amana. Wanda ya karɓi kuɗin fulogi shida ya saka uku ya ci amana, babu wata kwana. Amma sauran ukun ba na zaton sun yi niyyar cuta ta. Sun yi abin da kasuwa ta koya musu ne. Bakaniken da ya shafe awa biyu yana gwaji, ya ce tiyo ne na 'yan kuɗi kaɗan ya tsage, me za mu ba shi? Na ruwa, da godiya. Wanda ya sauko da tanki ya sauya famfo, mun ga ya yi gumi, ga tsohon famfon a leda, sai mu biya ba musu. Mu ne muka sa tunani ya zama asara a gareji.

Ba kuma gaskiya ba ne cewa bincike baƙon abu ne da kwamfuta ta kawo. Kanikawan da suka taso da motocin Peugeot da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975 sukan zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya injin yana sulo: wadda aka zare sauti bai canja ba, ita ce matacciya. Wannan gwaji ne na hankali tsantsa, kuma shi dattijon nan ya yi da fentinsa. Motocin ne suka sauya, aka ɓoye fulogi ƙarƙashin bututu, wayoyi suka koma koyil shida, koyon sana'a kuma bai bi su da sauri ba.

Akwai hujjar da ta fi wannan ƙarfi. Wani zai ce motar da ta doshi shekara ashirin ai duk kayanta sun tsufa, ko an sauya wanda bai mutu ba an rage aikin gobe. Da haka ne in abin da ake sakawa ya kai wanda ake cirewa. A kasuwar da jabu da na gaske suke zuwa cikin kwali iri ɗaya, cire famfon asali mai aiki a saka wanda ba a san asalinsa ba gyaran gangar Abzinawa ne. Kowane sabon ƙarfe sabon abin tuhuma ne da aka ƙara a jerin. Famfon da aka cire mini lafiyarsa lau. Na bar shi a garejin, ban ko waiwaye shi ba.

Abin da nake roƙon mai mota

Ba sai ka iya riƙe sifana ba. Ka rubuta yaushe motar take abin: da sanyi ko da zafi, a tsaye ko a guje, kafin shan mai ko bayansa. Kada ka bari a goge lamba sai ka ɗauki hotonta da na bayanan da ke tare da ita. In an ce a sayi wani abu, ka tambaya cikin ladabi wane gwaji ne ya nuna shi. Mai sani ba ya jin haushin wannan tambaya. A fara da gwajin da ba ya cin kuɗi, wato musanya koyil ko fulogi tsakanin silindoji a ga ko lambar za ta bi shi. Kada ka yarda da hukuncin sauya inji ba a auna matsi a gabanka ba. Ka karɓi tsofaffin kayan da aka cire, ka ƙirga su. Sannan ka ware kuɗin bincike tun daga gida, ka faɗa da bakinka cewa za ka biya shi ko da abin da aka gano noti ne ya saki.

Na koma wurin dattijon bayan wata uku don sauya baƙin mai. Kafin ya sa yaro ya shiga ƙarƙashin motar, sai da ya zaro koyil ɗaya na gaba ya haska ramin da tocila. A bushe yake. Ya mayar, ya ɗaure notin, ya ce in tuna masa da bel ɗin taimin, tun da babu wanda ya san ranar da aka sauya shi a Amurka.